Ƙuli-ƙulin farko na Gwaggo Hajo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina, wadda ta goye ni ta aurar da ni. Duk mai cin kasuwar Gazawa a wancan lokaci ya san rumfarta ta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ni kuwa sai bana na san abin da ta bar mini.

Mijinta, Baba Sani, wanzami ne. Ƙaho, tsaga, cire beli, babu ciwon da ba ya sa wa aska. Amma ranar da Gwaggo ta nuna mishi ƙullutun da ya fito mata a nono, ya taɓa, ya mayar da askarsa cikin zabira. Ya ce daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe, ko allura ta taɓa shi sai ya fusata ya watsu. Haka duk muka taso muka ji. Aka shiga jiƙo da shafe-shafe, damina ta wuce, rani ya wuce, har wurin ya fashe. Sannan aka kai ta asibiti a Maradi, daga can aka tura mu Yamai, cibiyar masu ciwon daji inda ake koyar da likitoci ana kuma bincike. Ni na yi jinyarta, ina budurwa.

Ba su ɓoye mana ba, sun ce an makara. Wata likita mai Hausar Damagaram ta zauna bakin gadonta, ta ce suna gwada wata hanyar ba da magani su ga ko ta fi wadda aka saba. Ta ce ba ta yi mata alkawarin warkewa ba, in ta ƙi za a ci gaba da kula da ita yadda ake yi, in ta shiga kuma ta gaji tana iya fita. Dangi suka yi ta bugo waya, kada ta yarda a koyi aski a kanta. Ni ma kuka na sa mata. Gwaggo ta dube ni ta ce:

"Ke Zulai, kin taɓa ganin na juye ƙuli-ƙuli a kasko ban jefa guda na ga zafin mai ba? Na farkon nan yakan ƙone, amma shi ke tsirar da sauran. In ni ce shi, a jefa."

Aka yi mata abin da za a yi. Gashinta ya zube, tana tsokanata wai ta huta da kitso. Warin ciwon ya tafi, zafin ya ragu, ta dawo gida ta ga an ɗaure dammunan hatsi, ta sha bikina. Bayan nan Allah ya karɓi abarsa. A zaman makoki na ji mata na raɗa cewa ƙarfe ne ya kashe ta. Ban musa ba, domin ni ma rabin zuciyata can take.

Yanzu ina aure a garin Agiye da ƴaƴa biyu. Ƙaramar sunan Gwaggo ta ci, muna kiranta Ummi. Ina cikin yaye ta na ji wani abu kamar ƙwayar gyaɗa a nonon hagu. Na ce nono ne ya kwanta. Nono ya ƙafe, abin bai tafi ba. In ina yi wa Ummi wanka sai in tsaya ina kallonta ina tunanin wa zai yi mata kitson sallah. Uwar mijina, da tausayi ta faɗa, ta ce in yi shiru ta samo mini jiƙo, kada in bari a sa mini allura.

Ana haka mutanen cibiyar nan suka zo likitar garinmu, ɗan asibitinmu, ran kasuwa. Da Gwaggo na nan da ta yi dariya: waɗanda muka sha doguwar tafiya kafin mu gani, ga su zaune kan tabarma a ƙarƙashin itacen bedi, suna nuna wa mata yadda za su riƙa lalubar jikinsu, ungozomomi na gaba-gaba. Da ta yi faɗa kuma, don har yau akwai masu leƙowa su juya, akwai waɗanda mazansu suka hana. Aka duba ni, aka ce sai na je Maradi an ɗebi kaɗan daga ƙullutun da allura. Da na ji allura, na komo gida na ƙi tafiya.

Mijina ya ga bai iya tsallake maganar mahaifiyarsa, sai ya aika wa Baba Sani. Na ɗauka zai zo ne ya hana. An ce wanzami ba ya son jarfa, balle a jikin ɗiyarsa. Tsoho ya sauka daga kabu-kabu, ya gaisa da uwar mijina, ya ƙi zama. Ya ce:

"Hajiya, askata ce ba ta iya daji ba, shi ya sa na mayar da ita. Tasu daban ce. Zulai, ɗauko mayafinki."

Muka je Maradi, aka ɗiba aka auna. Daji ne. Amma ƙarami, bai yi rassa ba. An cire, ina karɓar magani, kuma ba zan ce tsoro ya sake ni ba, kowane ƙaiƙayi sai gabana ya faɗi. Na tambayi likitan da ke duba ni ko maganin nan shi ne aka gwada kan gwaggona. Ya ce ba zai iya ce mini shi ne ba, amma abin da suka sani yau, daga jikin mata irinta suka san shi.

Rumfarta wani mai gyaran waya ke ciki yanzu. Abin da ya rage nata shi ne kaskon da na gada, da yarinyar da ke amsa sunanta, da maganar nan guda. Ranar da na samu ƙarfin tuya, nakan jefa na farko in tsaya ina kallonsa. In ya ƙone ba na zubarwa, nakan ajiye shi gefe, in karanta mata Ƙulhuwallahu, sannan in juye sauran. Allah ya jiƙan Gwaggo Hajo, ya sa ciwon ya zama kaffara.