Sarƙar Mai Tsaron Gada

Akwai wata Asabar da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekara biyar ke nan, amma har yau in na ji ƙanshin jiƙaƙƙen ganye sai ranar ta dawo min.

Ɗana na fari ya rasu yana da shekara ashirin da bakwai. Ciwon sikila ne, wanda muka yi ta fama da shi tun yana goye. Ba zan tsawaita a kan wannan ba. Mu biyu ne a ɗan gidanmu na unguwar Dagenham, nan ƙasar Turawa, tun bayan rasuwar mahaifinsa. Ni ina aikin goge-goge a wani ƙaramin asibiti a Marylebone, shi kuma yana gyaran kwamfuta. Sau ɗaya a wata yakan saɓa wata doguwar jaka ya tafi wani daji a bayan gari. Wasa suke yi, in ji shi. Kowa ya sa kaya irin na mutanen da, ya ɗauki takobin soso, su zama wata masarauta da suka ƙirƙira, daga safe zuwa yamma. Abin da nake ce masa kullum shi ne, "Ƙato da kai, har da gemu, kana wasan yara cikin sanyi, kuma ka san jikinka." Sai ya yi dariya ya ce, "Mama, one day zan kai ki." Ban taɓa tambayarsa me yake yi a can ba.

Bayan arba'in na buɗe jakar. Na tarar da wata irin alkyabba mai ruwan toka, da takobin, da wata sarƙa mai nauyi da aka rataya wa faifan ƙarfe mai hoton gada. Wajen wuyan an naɗe shi da fata, kuma fatar ta riƙe ƙanshinsa. Tun daga ranar na rataya ta a wuyana, ƙarƙashin hijabi. Da ita nake zuwa aiki, da ita nake kwana.

Wata huɗu bayan haka wata mata daga cikin abokan wasansa ta kira ni a waya. 'Yar Ghana ce, Hausarta irin ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji. Ta yi min gaisuwa sosai, sannan ta ce, "Mma, shi mai sarauta ne a wurinmu. Mai Tsaron Gada muke ce mishi. Muna da zaman fada ran Asabar. Muna roƙo ka zo, ka kawo sarƙanshi."

Na ce to, na ajiye waya, na zauna. Na san yadda ake yi a gida. In mai sarauta ya rasu, kayan sarauta su koma inda suka fito, bayan 'yan kwanaki a naɗa wani. Wato za su karɓe ta, su rataya wa wani, su riƙa kiran wani da abin da suke kiran ɗana.

Na kira ƙanwata a Kano na gaya mata. Ta ce, "Yaya, sarauta a daji? Har da sarƙa? Mutanen da ba sa gaida maƙwabcinsu su ne da fada? Wallahi wannan ƙungiyar asiri ce. Ki jefa abin nan a kogi ki huta." Na ce mata wasa ne kawai. Ta ce, "Haka suke cewa." Maganarta ta zauna min a ciki. Amma na yi tunani, in har sarƙar tasu ce, to amana ce a wuyansa, kuma ba zan bar shi ya kwanta da kayan mutane ba.

Ranar na shiga tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, har ƙarshen layi, na hau bas, na ƙarasa da ƙafa. Ana yayyafi. A bakin dajin an ɗaura wani jan ƙyalle tsakanin bishiyoyi biyu, shi ne ƙofar gari. Na leƙa ciki. Mutane ne birjik, wasu da ƙaho a ka, wasu sun shafe fuska da shuɗi, wasu sun rufe fuskar gaba ɗaya da ƙarfe. Na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na sunkuya in gyara takalmina da ya kafe a taɓo, ashe faifan ya zamo ya fito saman hijabi ban sani ba.

Ina shiga sai na ga ana darewa ana ba ni hanya, ana rusunawa. Surutu ya ɗauke. Na ɗauka ta'aziyya ce. Ban yi taku goma ba wani tsohon Bature mai doguwar sanda ya gitta ta a gabana. Daga baya na gane shi ne sanƙiransu, mai shela da tsare ƙa'idar fada. Bai dubi fuskata ba, ƙirjina ya duba. Ya ce da ni cikin Turanci, a hankali, ba mai shiga ƙofar nan da sarƙar da ba a rataya masa ba. Ko sarauniya ba ta sa ta wani. Waɗanda suka rusuna, sarƙar suka rusuna wa.

Na ce, "Ta ɗana ce."

Ya ce, "Na sani, Madam. Shi ya sa za ki riƙe ta a hannu."

Kunya da tsoro suka haɗu min. Na zo wurin mutanensa, kuma abu na farko da na yi shi ne karya dokarsu. Na sa hannu ƙarƙashin hijabi na zare ta. Wata huɗu ba ta bar wuyana ba. Na ji iska ta taɓa wurin kamar an zuba min ruwan sanyi.

Ya yi min jagora har tsakiyar wani fili. Maza da mata sun yi layi biyu, sun ɗaga takubba sama. Na san na soso ne, na taɓa na ɗana da hannuna, amma a ɗarare na bi ta tsakiyarsu. A ƙarshen layin wata baƙar mace tana zaune kan kujerar katako da kambi a kanta, fuskarta ba fara'a. Ita ce sarauniyar. Na tuɓe takalmana a cikin taɓon nan, don haka aka koya min tsayawa gaban manya.

Sanƙira ya buga sanda a ƙasa ya faɗi doka da ƙarfi. Ya ce mai sarƙar nan ya tafi. Za a tambayi wadda ta kawo ta sau uku, ta wane ne. In jininsa ya amsa ya ambace shi a gaban fada, an rufe sarautar da shi, ba za a ƙara ba kowa ba. In an yi shiru har sau uku, ta koma hannun sarauniya ta ba wanda ta ga dama.

Ga inda matsalar take. Ɗan farina ne. Tun ranar sunansa ban taɓa furta sunan nan da bakina ba, kamar yadda mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba. Ko a asibiti, in sun tambaya, katinsa nake miƙawa, ko in rubuta a takarda. Ko ranar da na tsaya a kansa ina kuka ban faɗa ba.

Ya tambaya na farko. Ruwa na ɗiga daga ganye a kan hijabina, ina jin kowane ɗigo.

Ya tambaya na biyu. Idona ya faɗa kan wani dogon mutum a layin gaba, na ga sarƙar a wuyansa a cikin zuciyata.

Ya ɗaga sanda zai yi na uku. Ban san lokacin da na dubi sarauniyar na ce da Hausa ba, "Ranki ya daɗe, ɗan farina ne. Ba na iya kiran sunansa."

Ta ɗaga hannu, sandar ta tsaya a sama. Ta miƙe daga kujerar, na ji mutane sun ja numfashi, ashe sarauniya ba ta tashi sai an tashi fada. Ta tako cikin taɓo har gabana. Da ta yi magana sai na gane muryar, matar wayar ce.

Ta ce, "Mma, kakana ma haka yake yi da babana. Ka kwantar da hankali. A cikin ƙofan nan ba mu kiran kowa da sunan waje, rashin kunya ne a wurinmu. Mu ma ba mu taɓa kiranshi da shi ba a nan. Sarautanshi za ka faɗa."

Na dube ta. Ta gyaɗa kai, ta koma ta zauna. Sanda ta bugi ƙasa karo na uku.

Na ce, "Ta Mai Tsaron Gada ce." Na maimaita da Turanci don su ji. Muryata ta fito siririya, amma ta fito. Duk filin nan, da masu ƙaho da masu fuskar ƙarfe, suka sauke takubba suka durƙusa a kan gwiwa ɗaya.

Bayan an tashi suka kai ni gadar. Katako uku ne kan wani ɗan rami. Sanƙiran ya ce ɗana ba ya iya gudu kamar sauran, don haka nan yake zama da filas ɗin shayi. Duk wanda ya zo wucewa, in ɗana ya ga mutumin ya galabaita, sai ya gitta takobi ya ce ba ya wucewa sai ya zauna ya sha. "Ni ya hana ni yaƙi sau biyu," in ji tsohon. "Ya ce tsoho mai huci kamar tsohuwar bas ba zai mutu a kan gadarsa ba." Saboda haka aka ba shi sarautar. Filas ɗin nawa ne, wanda na shekara ina zargin na manta a wurin aiki.

Sarauniya ta ɗaura baƙin zare a sarƙar ta mayar min. Ta ce in ajiye, amma kada in sa. Ban ƙara sawa ba. Tana rataye a ƙofar ɗakinsa.

Abin da ranar ta koya min shi ne, kada in raina abin da wani ya riƙe da girma don kawai ban san ƙa'idarsa ba. Shekara shida ɗana yana da mutunci a wani wuri, ni ina kiransa wasan yara. Ya ce zai kai ni, ban ko tambaye shi yaushe ba. In naku ya saɓa jaka zai fita, ku tambaye shi ina za shi, kuma me ake ce masa a can, tun yana nan da zai ba ku amsa da bakinsa.