Ƙofar da Baba Mai Walda Ya Ƙera wa Kansa

Baba Mai Walda mutum ne da za ka zagi hularsa ya yi dariya, amma ka kushe aikinsa sai an riƙe shi. Kuma ba ya tambayar mai aiki inda za a kafa ƙofa. Kawo awo, ya ƙera, ka ɗauka.

Shagonsa na bayan wani bene, hanyar shiga ɗaya ce tak: lungun da ya ratsa filin Mai Bene, wanda ake bi tun zamanin kakanni. Wata rana wani magini ya kawo awon ƙofar ƙarfe, Baba ya zage ya yi ta kamar ta gidan yari. Bayan 'yan kwanaki ya fito aiki, sai ga ta a bakin lungun da ƙaton kwaɗo. Kallo ɗaya ya gane ɗinkin waldarsa.

Matarsa kaɗai ya gaya wa. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, “Baban yara, ka rufe bakinka. Kowa ya ji, mun zama abin nuni.”

Ya kai ƙarar Mai Bene, ya jinginar da injin waldarsa, wanda Allah ya sa ya kwana a gida, ya ɗauki lauya. Aka yi ta ja har kotu ta ce hanya tasa ce. Saura magana ɗaya: wa zai ɗauki kuɗin shari'a? In Mai Bene ne, inji ya dawo gida. In an ce kowa ya ji da nasa, inji ya tafi, Baba ya samu hanyar zuwa shagon da babu komai a ciki.

Ranar yanke wannan ta zo. Lauyansa ya raɗa masa, “Baba, ko tari kada ka yi.”

Lauyan Mai Bene ya miƙe. “Ya mai shari'a, wannan ƙara ɓata lokaci ce. Ƙofar fa ado ce, gwangwani ce kawai. Akuya ma ta tunkuɗa za ta faɗi. Ba ta tare kowa ba.”

Alƙali ya fara gyaɗa kai. Matar Baba ta danne masa ƙafa. Baba ya haɗiye maganarsa. Lauyan ya ƙara, “Duk wanda ya haɗa ta ma, bai san aiki ba.”

“Kai, yaro!” Baba ya zabura. “Gwangwani? Kawo akuyar! Kawo babbar mota! Da hannun nan na ƙera ta!”

Lauyan Baba ya dafe goshi. Mai Bene ya saki baki, don shi ma bai sani ba, magini ya aika. Lauyan Mai Bene kuwa har da tsalle: “An ji ko? Shi ya tare kansa, har lada ya karɓa!”

Alƙali ya sauke tabarau. “Malam, ka san inda za a kafa ta?”

“Ranka ya daɗe, ni awo nake tambaya.”

“Tana buɗuwa ba mabuɗi?”

Baba ya dubi matarsa, ya dubi ƙasa. “Na gwada da guduma,” ya ce a hankali. “Gudumar ce ta karye.”

Alƙali ya daɗe yana rubutu. Can alƙali ya ɗago ya ce tunda maƙerin ƙofa ma ya kasa wuce ta, tarewa ta tabbata, wanda ya sa kwaɗo shi zai biya. Amma cire ta na wuyan Baba, kuma kyauta.

Inji ya dawo a amalanke. Ya tsaya a bakin lungu, domin ƙofar na nan daram. Maƙwabta suka ce ya yanka ta kowa ya huta. Ya ƙi. Wuni guda ya yi yana sassaƙe siminti, ya zare ta lafiya lau, ya jingina ta a gaban shago.

Har yau tana nan. Duk wanda ya zo taya aiki sai Baba ya sa shi ya tunkuɗa ta tukuna. Sai dai yanzu kafin ya karɓi awo yakan gyara murya ya ce, “Tsaya, ɗan'uwa. Ina za a kafa ta?”