Watan da Uwar Ludayi Ta Daina Ɗanɗana Miya

A masana'antar katifa da ke ƙarshen layin manyan motoci, da an buga ƙararrawar ƙarfe ɗaya mutum ɗari biyu da ɗoriya ne ke ajiye aiki su nufi ɗakin cin abinci, kuma duk cikinsu babu wanda ya isa ya ɗaga murya a gaban matar da ke bayan kantar rabon abinci. Uwar Ludayi suke ce mata. Gajeriya ce kakkaura, mai saurin hawa da saurin sauka, kullum da tawul a kafaɗa. Shekara ashirin da uku tana riƙe da kicin ɗin. Manajoji biyar ta gani sun zo sun tafi, ita tana nan daram tsakanin murhun gas mai kai shida da wani tsohon firji da ke tari duk bayan minti goma.

Abin taƙamarta harshenta ne. Ba ta san awo ba, cokalin awon da kamfani ya saya mata ma da shi take tokare taga. Sau uku take ɗanɗana babbar tukunyar miyar nama: in ta tafasa, in nama ya yi laushi, sai kuma dab da saukewa. Ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa, ta kanne ido ɗaya. In ta gyaɗa kai, to ranar har masu gadi sai sun nemi ƙari.

A wurinta, abincin da ba nama ba abinci ba ne, haƙuri ne aka zuba a faranti. Wanda ya fi kowa shan wannan magana shi ne akawun ofis, wani siririn dattijo mai tabarau da ba ya cin nama, ba ya cin ƙwai, ko madara ba ya so a shayi. Mai Ciyawa ta raɗa masa. Akwai ranar da ta tura masa yankan hanta ƙarƙashin shinkafa, wai ko Allah zai sa ya yi kumari. Bawan Allahn nan ya dawo da farantin ya ajiye, ya ce ya gode, ya koma ofis da yunwarsa. Ta yi mako tana ba da labarin tana dariya.

Mataimakiyarta kuwa, wata doguwar mata mai 'ya'ya huɗu, shekara goma sha ɗaya tana yanka albasa tana wanke tukwane, ba a taɓa bari ta riƙe ludayi ba. Sunanta a kicin Ya-yi, don duk abin da aka ba ta ta ɗanɗana amsarta ɗaya ce: “Ya yi, Yaya.” Uwar Ludayi takan ce ko ruwan wanke-wanke ka ba matar nan ya yi za ta ce, Allah bai ba ta harshe ba sai tsawo.

Faɗa ne ya ja wa Uwar Ludayi komai. Sau uku a jere ana kawo ƙwai ƙanana, rabi a fashe. Ran na ukun ta cire rigar aiki ta haye motar direban da ke kawo musu ƙwai da madara, ta ce sai ta je ta gaya wa mai gonar magana baki da baki. Tun a hanya take tsara abin da za ta ce, direba na ba ta haƙuri tana ƙara hawa.

Ba ta faɗi ko ɗaya ba. Ita kajin da ta sani su ne na tsakar gidan mahaifiyarta, masu tonon ƙasa, masu bin mutum har ɗaki su saci hatsi. A nan sai ta tarar da wata doguwar rumfa, keji a kan keji, kowace kaza ko juyawa ba ta iyawa. Wata mai saɓulallen wuya ta karkato kai ta zuba mata ido, ita ma ta tsaya tana kallonta kamar wadda ta ci bashin gaisuwa. A bayan rumfar kuma wata saniya ke ta kuka ba ƙaƙƙautawa. Ta tambayi direba ko ciwo ne. Ya ce a'a, jiya aka raba ta da ɗan maraƙinta, kwana biyu za ta yi ta manta. Uwar Ludayi, da ta haifi shida ta binne ɗaya, ta san ba a mantawa. Tausayi ya cika ta, ta juya ta koma mota.

Washegari ta fasa ƙwai a kasko, ta kasa kai shi baki. Ta ce na kwana biyu ne. Ina! Daga ƙwai abin ya koma kan kaza, daga kaza ya koma kan naman shanu, kafin wata biyu har madarar shayi da man shanu ta sallama. Mijinta, tsohon direban bas da ya ajiye aiki, ya zaunar da ita ya tambaya ko wani sabon wa'azi ta ji. Ta ce ba ta ce wa kowa haramun ne ba, Allah ya halatta, kuma ba za ta fizge nama daga farantin kowa ba. Zuciyarta ce kawai ta ƙi, ita kuma ba ta iya faɗa da zuciyarta. Ya ce to shi fa? Ta nuna masa inda kasko yake. A makon farko ya ƙona biyu.

Gida mai sauƙi ne. Wurin aiki ne tashin hankalin, don kukun da ba ta ɗanɗana miyarta ba kuku ba ce, kuma ta fi kowa sanin haka. In Manaja ya ji, aikin shekara ashirin da uku ya tafi, ga kunya a gaban mutanen da ta saba yi wa tsawa. Mijin ya ba ta shawarar ta lasa ta tofar, ai babu wanda zai mutu. Ta gwada. Ta ɗiga a tafin hannu, ta kawo har leɓe, sai ta goge a tawul.

Sai ta koma dafawa da ido da hanci, ta ce wa kowa mura take yi. Ran Litinin gishiri ya yi kane-kane. Babban bakaniken injina, wani ƙato mai murya kamar janareta, ya tambaya daga tsakiyar layi ko kyautar gishiri aka yi wa kamfani. Ran Talata ta ji tsoro ta rage hannu, miya ta fito salam, bakanike ya ce ashe gishirin ya tafi hutu. Ta ba Ya-yi ta ɗanɗana, Ya-yi ta ce ya yi. Bai yi ba. Abin mamaki, wasu ranakun miyar takan fito daidai, har Uwar Ludayi ta fara yaba wa hancinta. Amma ranakun ɓaci sun fi yawa, kuma a mako na uku Manaja ya kira ta. Yaro ne sa'an ɗanta na biyu, mai ladabi, yana magana yana juya biro. Ya ce, “Mama, ƙorafi ya yi yawa. In ba a ga gyara zuwa ƙarshen wata ba, za a kawo masu abinci daga waje.” Ta fito daga ofishin ta koma kicin.

Ita kuwa nata abincin a ɓoye take dafa shi, a wata 'yar tukunya a kan murhun ƙarshe: wake da kabewa da alayyahu, albasa da ta soyu ta yi ja, ɗan niƙaƙƙen gyaɗa. Wannan kam tana ɗanɗana ta sau uku, har da kanne ido. Takan ci a bayan kicin kusa da tulunan gas. Nan akawu ya same ta rannan, ya zo neman ruwan zafi. Ya dubi kwanon, ya dube ta, ya gyara tabarau.

“Mama, ko a ɗan sam mini?”

Kunya ta kama ta kamar ta nutse. Ta zuba masa, ya cinye tas ya suɗe cokali, ya ce shekara tara yana cin abinci a ginin nan, yau ne aka dafa da shi a rai. Ta ce ya yafe mata maganar hanta. Ya yi dariya ya ce ai ya daɗe da yafewa, ta dai je ta ga likita ya rubuta mata ƙwayar ƙarin jini da masu irin cinsu ke sha, kada ta faɗi a kan murhu a ce ciyawa ce ta kayar da ita.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare ta fita karɓar kayan miya, ta manta tawul ɗinta ta dawo. Me za ta gani? Ya-yi tsaye a kan babbar tukunya, ludayi a hannu. Ta ɗiga a tafi, ta lasa, ta yamutsa fuska, ta jefa ferarren dankali uku don ya tsotse gishirin, ta ƙara ruwa, ta sake lasa, ta gyaɗa kai. Da ta juyo ta ga mai ludayin a bakin ƙofa, sai ludayin ya faɗi ƙasa.

Ashe duk ranakun da miya ta yi daɗi ba hancin kowa ba ne. Uwar Ludayi ta buɗe baki za ta yi tsawar da ta saba, sai ta fasa. Da ƙyar ta tambaye ta, in tana da harshe haka, me ya sa shekara goma sha ɗaya take ce mata ya yi?

Ya-yi ta sunkuyar da kai. “Ranar da na fara aiki kin ba ni na ɗanɗana, na ce gishiri ya ɗan yi yawa. A gaban masu shara kika ce in na ƙara koya miki girki, in ɗauki jakata. Ina da yara, Yaya.”

Uwar Ludayi ba ta ma tuna ranar ba, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta sunkuya ta ɗauki ludayin, ta wanke shi da kanta, ta miƙa mata. Ta ce daga yau tukunyar tata ce tun daga wankin nama har saukewa, ita dama ta gaji da taɓa shi. Ta gaya mata gaskiyar murar da ba mura ba. Ya-yi ta ce ai ta sani tun makon farko, mai mura ba ta cin wake kwano biyu.

Kwana uku miya na fitowa yadda ake so. Ranar ƙarshen wata Manaja da kansa ya shigo layi da faranti. Bakanike ya kai loma, ya ɗaga cokali sama ya sanar wa ɗakin gaba ɗaya cewa hannun Mama ya dawo. Aka yi tafi, har da masu buga tebur. Manaja ya yi murmushi. Ya-yi na can ciki tana kankare tukunya, ba za ta taɓa cewa uffan ba, kuma Uwar Ludayi ta san haka. Shiru kawai za ta yi, aikinta da sunanta su zauna lafiya. Wallahi ta so ta yi shirun.

Ta buga murfin tukunya a kan kantar rabon abinci har ɗakin ya yi tsit.

“Ba hannuna ba ne,” ta ce. “Na wancan doguwar ne. Ni na daina cin nama, wata guda ke nan ban lasa miyar nan ba. Gishirin da kuka sha nawa ne, daɗin nata ne.”

Ta jawo Ya-yi waje da kumfar sabulu a hannu. Bakanike ya riƙe baki, ya ce shi ke nan, Mai Ciyawa ya yi aure. Ɗakin ya kwashe da dariya, har akawun. Manaja ne bai yi dariya ba. Ya tambaye ta a hankali, to in ba ta dafa miyar nama, me za ta riƙa dafawa? Ta shiga ta ɗauko 'yar tukunyarta ta zuba masa a gefen faranti. Ya ci cokali ɗaya, ya ci na biyu, ya tambaya ko tukunyar na da babbar yaya.

Haka aka raba kicin ɗin. Babbar tukunya da babban ludayi suka koma hannun Ya-yi, da takarda daga ofis. Uwar Ludayi ta koma murhun ƙarshe. Ba za a ce bai yi mata zafi ba, ta yi kwanaki ba ta son kallon wancan ɓangaren. Layinta bai kai na nama tsawo ba, ba zai kuma kai ba, amma mutum talatin zuwa arba'in ba sa fashi, akawu a gaba. Bakanike yana nan kan namansa, sai dai yakan miƙo faranti ya ce a ɗan ɗiga masa ciyawar a gefe, saboda zumunci. Mijinta ma yanzu ya iya suya, kasko ɗaya ya yi wata uku a hannunsa.

Rannan dab da ƙararrawa ta ɗebo romon wakenta ta kira Ya-yi ta ɗiga mata a tafi. Ya-yi ta lasa. Ta dubi ƙasa, ta dubi ƙofa.

“Gishiri ya ɗan yi yawa, Yaya.”

Wuyan Uwar Ludayi ya kumbura, tawul ya sauko daga kafaɗa. Ta ɗiga a nata tafin, ta lasa, ta kanne ido ɗaya, ta daɗe a haka.

“Miƙo mini dankali biyu,” ta ce.