Sunan da Inna ba ta taɓa faɗa ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar yau labari ya iske ni: Allah Ya karɓi ran aminina Bashir, ɗan Jibiya, mai karanta labarai a talabijin ɗin Amurka. Zuciyarsa ce ta tsaya. Can za a rufe shi.

Tare muka tashi. Ya yi nisa, amma bai canza ba. Duk baitin da na tsara, sai ya bugo waya ya ce in rera masa, ko da gurgu ne.

Shi ne ɗan farin Inna Hajara. Saboda kunya, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba. Amma da safe yake karanta labarai, safiyarsu kuwa la'asar ɗinmu ce, kuma kullum la'asar sai ta zo gidana, wai gaida maiɗakina. Takan zauna ta ba talabijin gefe. Ba ta jin Turanci. Iyakarta ta ce, "Wanga mutum ya rame. Ba su da hura can?"

Ganinmu na ƙarshe a Magama ne, bakin iyaka, direbobin Maraɗi suna ta ɗaukar hoto da shi. Ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, don Allah, Inna tana kallona kuwa?"

Na ce, "Gaisuwa take zuwa."

Ya yi dariya har da ƙwalla. Tun daga ranar, bai sake rufe labarai ba sai ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna.

Yau da hantsi dattawa suka je suka sanar da Inna. Ta yi salati, ta ci gaba da tsince wakenta.

La'asar na yi, sai ga ta.

"Kunna," in ji ta.

Na kunna. Wata Baturiya ce a kujerarsa. Yau Inna ta fuskanci talabijin sosai, ta jira har aka gama. Ba wanda ya dafa ƙirji.

Sai ta ce, a hankali, "Bashir."

Muryar da ta cika gidajen duniya ta yi shiru,
wadda ya fi marmarin ji sai yau ta kira shi.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa a baƙuwar ƙasa, Ya sanyaya zuciyar Inna. Duk wanda ya karanta, ina roƙonsa ya sa su biyun a addu'a.