Wardin da Odile Ta Bari

Gaspard Lemoine ya yi shekara arba'in yana rufin gidaje a ƙauyensu na Normandi. Babu rufin da bai taka ba, har na coci, amma ka miƙa masa almakashin lambu ka ga abin tausayi. Lambun na matarsa Odile ne. Ita ta dasa wardi mai hawa a jikin bangon kudu shekarar da suka tare, furensa ja wur, kowane ya kai dunƙulen hannu. Shi nasa aikin riƙe mata tsani da gunaguni.

Ta rasu da sanyi, shekara shida ke nan. Da lokacin datsa ya zo bai tambayi kowa ba, don Gaspard ba ya tambaya. Ya tsaya gaban bangon ya ga tsofaffin rassa sun yi toka-toka, ga kuma wasu sababbi kore shar suna fitowa daga ƙasa. A sana'arsa tsohon katako cire shi ake yi. Ya datse tsofaffin, ya ɗaure sababbin da igiya.

Suka kuwa yi ta girma har suka kai tagar ɗakin sama. Sai dai jan furen bai dawo ba. Wasu 'yan ƙanana ne ke fitowa, fari-fari, su yi mako biyu su zube. Ya ce a ransa makoki itacen yake yi, wata rana zai huce. Ya zuba masa kashin doki, ya yi ta ba shi labarin gari, wa ya mutu, wa ya sayar da gona. Da la'asar idan iska ta taso daga teku, ƙayar takan ƙwanƙwasa gilashin sau uku, daidai yadda Odile ke yi da zobenta idan miya ta nuna. Yakan amsa ya ce ga shi nan zuwa. Abin yana ba shi tsoro, kuma ba ya so ya daina.

Bana, da ganye ya fara buɗewa, ƙanwar Odile, Armelle, ta zo daga birni da cuku a jaka. Ko zama ba ta yi ba ta nufi bangon. Ta kama reshe tana ƙirga ganye.

"Mijin yaya, wane mara imanin ne ya bar ka da almakashi? Ganyen nan bakwai-bakwai ne fa. Na yaya biyar ne. Wannan ai wardin daji ne, irin na bakin hanya."

Ya ce ta rufa masa baki, a wurin da Odile ta dasa ya fito. Sai ta yi masa bayani: wardin gida a kan saiwar na daji ake haɗa shi, kuma duk abin da ya tsiro ƙasa da ƙullin haɗin na dajin ne, shi zai shanye ƙarfin ɗayan har ya kashe shi. Ta durƙusa ta tone gindin da hannu. Ga ƙullin nan, baƙi, duk tabon almakashinsa. A gefensa akwai wani siririn tsiro ja-ja, bai wuce tsawon yatsa ba.

Ta ce wannan kaɗai ya rage daga wardin Odile, kuma ba zai ga baɗi ba sai an fizge na dajin daga saiwa, don in aka yanka ƙaruwa yake yi.

Gaspard ya ɗaga kai ya dubi rassan.

"To ni da wa nake hira duk shekarun nan?"



Shi ya hau tsanin da kansa ya kwance igiyoyin. Ya fizge rassan ɗaya bayan ɗaya, ƙaya ta huda safar hannunsa, bai tsaya ba sai da bangon ya koma tsirara. Ya tambaye ta yaushe tsiron zai yi fure. Ta ce in ya rayu, shekara uku. Shekarunsa tamanin da ɗaya, kuma dukansu sun san haka.

Ya durƙusa da ƙyar, ya kare tsiron daga iska da tafinsa mai jini. Kunya ta kama shi sosai.

"Odile," ya ce a hankali, "ashe nan kike, ni kuma ina can sama."