Ban taɓa roƙon ruwa ya tsaya ba

Ina balkon, wato barandar gidana, a Clichy da safen nan, ina auna dusar ƙanƙarar da ta taru a bokitina, sai ga wayar ɗiyata Hadiza daga Lyon. Ranar Litinin ta haifa mini jikata ta fari. Murna ta hana ni zama, amma ban ga yarinyar ba, don an tsayar da jiragen ƙasa saboda munin yanayi.

"Baba, ruwa ya shigo mana ɗaki, na ɗora jaririya bisa tebur. Kai da kullum idonka ke sama, zai tsaya?"

Na duba taswirar meteo, ta hasashen yanayi. Wani hadarin ne ke tafe.

"Ba yau ba. Ku fita."

"To, ka roƙa mana Allah ya ɗauke shi."

Ni ɗan Tahoua ne, tun ina yaro roƙon ruwa na sani. Bakina bai taɓa cewa ya tsaya ba.

Yau na faɗa.

An kwashe su zuwa wata makaranta. Can jikata take kwance cikin bargon aro, ko suna ba a raɗa mata ba.

Mutanen Lyon, yaya wajenku? Ku sa ta cikin addu'a.