Infoma na Ɗaya

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, inda nake karatun Turanci da adabinsa, aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai. Yawancin 'yan ajinmu sun ɗauki littafin labari ɗaya ko biyu, suka zauna a laburare suka gama abinsu. Ni kuwa wani kwas ne ya tsaya mini a rai, wanda muka yi a kan rubuce-rubucen matafiyan Ingila na ƙarni na goma sha tara, waɗanda suka ratsa ƙasashenmu tun kafin mulkin mallaka, suka koma gida suka rubuta abin da suka ce sun gani. A cikin rubutun ɗayansu na ci karo da dajinmu na Birnin Gwari. Shafi ɗaya da rabi ya ba shi. Ya yi maganar duwatsu da rafuka da wahalar hanya, amma mutanen wurin sai ka ce inuwa: sun kawo ruwa, sun tsaya suna kallo, sun ɓace.

Ban yarda da mutumin nan ba. Turancinsa akwai daɗi, jimla ɗaya sai ta ci layi shida ba ta yi tuntuɓe ba, kuma daɗin ne ma ya ƙara mini zargi. Na riƙa tambayar kaina ko ya taɓa zama da mutum ɗaya a wurin sun yi hira, ko dai abin da tafintansa ya ga dama ya gaya masa ne ya rubuta.

Malamar da ke duba aikina ba 'yar yankinmu ba ce, ba ta taɓa zuwa ba. Ta ce in tafi gida lokacin hutu, in zauna da tsofaffi su ba ni abin da suka ji daga kakanninsu game da wancan zamani, sannan in ajiye shi gefe da gefe da abin da Baturen ya rubuta. Ta gargaɗe ni kada in rubuta sunan kowa a littafina. In ba kowane mutum lamba, in sa masa kalmar da masu bincike ke kiran duk wanda ya ba su bayani. Ta rubuta mini kalmar a ɗan guntun takarda. Na gane ta. Ita ce muka ara daga Turanci muka mai da ita infoma, kuma na san abin da infoma ke nufi a garinmu. Amma a ofishin nan mai fanka da kantocin littattafai, sai ta yi mini kama da wata kalma daban. Na ninke takardar na sa a aljihu.

Ƙauyenmu yana can gefen Randagi. A shekarun nan daji ya riga ya fi ƙarfinmu. Inda muke zuwa itace da tsintar ƙanya muna yara ya zama mazaunin 'yan bindiga, kuma kowa ya yarda cewa ba sa shiga gari sai wani na ciki ya gaya musu wa ya sayar da masara, wa ke da shanun huɗa, wace hanya ce ba a tsaronta. Wannan na cikin shi ne infoma. Ba wanda ya san fuskarsa, shi ya sa kowace fuska za ta iya zama tasa. In wayarka ta yi ƙara ka zaga bayan gida kafin ka amsa, an gani.

Wanda ya ɗauko ni daga Birnin Gwari zuwa gida abokina ne tun na firamare, wanda ya bar sakandare a aji uku ya kama acaba. Yana ɗan karanta Turanci in ya bi shi a hankali. Shi na roƙa ya riƙa kai ni ƙauyukan kusa, ya kuma yarda.

Cikin sati biyu na zauna da mutum bakwai. Shida daga ciki ba su ba ni wani abin kirki ba, amma na farkon ya ishe ni. Tsohon maharbi ne da ke zaune a ƙarshen gari ta gabas, idonsa ya soma dushewa. Kakansa ja-gorar fatake ne, yana ratsa daji da su daga zango zuwa zango. Tsohon ya ba ni labarin wani dutse da ruwan gindinsa ba ya ƙafewa ko da rani, da kogon da mutane ke ɓoye hatsi lokacin hare-hare. Ya kuma gaya mini abin da ya sa na kusa tashi tsaye. Ya ce kakansa bai taɓa bin gajeriyar hanya da baƙon da bai sani ba. Sai ya zaga da shi ta inda babu gari, babu gona, babu ruwan kirki, don kada ya koma ya ba da labarin inda arzikin mutane yake.

Nan take na gane dalilin da Baturena ya ga daji babu mutane. Ba su so ya gan su ba ne. Na rubuta nan take, na kuma zana taswira a shafin da ke kallo, na sa dutsen da kogon da hanyoyin biyu.

Da na koma wurin tsohon karo na uku, zumuɗi ya kwashe ni. Na tambaye shi dutsen nan daidai ina yake, tafiyar awa nawa ce daga gari, ko doki zai iya bi, ko har yanzu ruwan na nan. Tsohon ya juyo gare ni yana murza carbi.

"Yaro, wa ya aiko ka?"

"Makaranta ce, Baba."

"Makaranta me za ta yi da ruwan gindin dutse?"

Na yi ta bayani a kan Baturen da littafinsa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce ƙirjinsa na damunsa, in tafi sai wani jiƙon.

Daga ranar abubuwa suka soma canzawa, kaɗan-kaɗan. Gaisuwa ta gajarce. In na zauna a bencin mai shayi da safe, hira sai ta koma kan farashin taki. Wata tsohuwa mai daddawa da ta yi mini alkawarin labarin kakarta ta aiko cewa ta manta. Sannan wata rana na buɗe jakata na ga robar da nake ɗaure littafin da ita an naɗa ta sau biyu. Ni sau uku nake naɗawa.

Zuciyata ba ta je ko'ina ba sai kan abokina. Shi kaɗai ke iya karanta Turanci cikin waɗanda ke kusa da ni, shi kuma nake bar wa jakar in zan shiga masallaci a hanya. Na tuna yadda yake yawan tambayata me nake rubutawa haka. Na tuna wata dariya da ya yi da na ce aikin makaranta ne. Sai kawai na daina hawa babur ɗinsa. Ya zo ƙofar gidanmu sau biyu, na sa aka ce ba na nan.

Wata ranar Laraba bayan la'asar aka aiko mai unguwa na kirana, in zo da littafina da wayata. Na tarar da zaurensa a cike. Mahaifina na zaune gefe ya sunkuyar da kai. Ga tsohon maharbin, ga 'yan sa-kai biyu, wato samarin da ke gadin gari, bindigoginsu na toka jingine da bango. An kuma ɗauko tsohon hedimasta daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, wanda ya koyar da rabin mutanen da ke zauren.

Mai unguwa ya ce ba a kira ni don a ci mutuncina ba. Magana ce ke yawo, gara a kashe ta. Ya ce in miƙa wa Malam littafin.

Hedimasta ya goge tabarau, ya buɗe shafin farko, ya daɗe yana kallo. Sannan ya soma karantawa yana fassarawa.

"Infoma na ɗaya. Tsoho ne, maharbi, gidansa na ƙarshen gari ta gabas. Infoma na biyu. Tsohuwa, mai sana'ar daddawa."

Haka ya bi har na bakwai. Ban sa suna ko ɗaya ba, amma a ƙauye kamar namu wannan bayanin ya fi suna. Ɗaya daga cikin 'yan sa-kan ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa, shin waɗannan bakwai ɗin ne infoma na gano su, ko kuwa ni ne nake tara su.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a makaranta duk wanda ya ba mai bincike labari haka ake kiransa. Ba ta da alaƙa da daji."

Mai unguwa ya juya ga hedimasta. "Malam, haka ne?"

Hedimasta ya ce shi shekara talatin ya yi yana koyarwa, amma bai je jami'a ba, ba zai faɗi abin da bai sani ba. Ya zaro wani ƙaramin ƙamus da bangonsa ya yage daga aljihun rigarsa, ya lasa yatsa ya yi ta buɗawa. Na zuba masa ido kamar shi ne alƙali.

"Ƙamus ya ba da ma'ana biyu," in ji shi. "Ɗaya tasa, ɗaya tamu."

Mai unguwa ya ce to a karanta sauran duka, kada a tsallake layi. Aka fi awa ana yi. Rubutuna da na ƙawata da dogayen jimloli irin na Baturen da nake zargi, sai ga shi yana fitowa daga bakin hedimasta da Hausa tsirara, ba ado. Sau biyu ya tsaya ya ce mini nan na yi kuskuren nahawu, don hali ba ya barin tsohon malami. Da aka zo labarin ja-gorar fatake, tsohon maharbin ya ɗaga hannu.

"Ba haka na ce ba. Ban ce kakana ya ɓatar da baƙi ba. Yana kai su inda za su, lafiya lau. Zagaye kawai yake yi da su."

Wani ya yi dariya a bayan zaure, mai unguwa ma ya ɗan murmusa. Amma da aka buɗo taswirar, aka riƙa miƙa littafin hannu zuwa hannu, dariyar ta ɗauke. Ɗan sa-kan da ya yi tambaya ɗazu ya ce ko da ni ban yi nufin komai ba, littafi na iya faɗuwa a hanya, kuma akwai masu tare hanya.

Aka yage shafin taswirar da na jerin mutanen, da wasu shafuka huɗu da suka ambaci ruwa da kogo, aka ƙyasta musu ashana a tsakar zauren. Aka duba lambobin wayata ɗaya bayan ɗaya, ina faɗin ko waye. Mai unguwa ya ce magana ta mutu, amma in bar zaga gidaje da tambaya har in koma makaranta.

Kwana uku ina cin tuwo da haushin abokina. Sai ranar da nake haɗa kaya mahaifiyata ta ce mini, ba tare da ta kalle ni ba, in bar ɗaukar alhakin yaron mutane. Mahaifina ne ya buɗe jakar. Shi ne kuma ya je wurin mai unguwa da ƙafarsa ya ce a kira ni.

Na same shi a gona yana cire ciyawa a gindin dawa. Na gaishe shi, na tsuguna na taya shi na ɗan lokaci kafin na iya buɗe baki.

"Baba, kai ma ka zarge ni?"

Bai ɗago ba. "Shekara huɗu kana can, kana dawowa da harshen da ba na ji. Na buɗe jakarka, ban gane rubutun ba, amma na gane daji. Ban ce kai ne ba. Ban kuma iya rantsuwa ba kai ba ne."

"Da ka tambaye ni."

"Da na tambaye ka, da ka ba ni amsa na yarda, don ni na haife ka. Su fa? Sun riga sun soma magana. Na gwammace a karanta shi a gabana da rana tsaka."

Ya ci gaba da aikinsa. Na daɗe a tsugune, ban san ko fushi zan yi ko godiya ba, har yau kuma ban gama rabe su ba.

Washegari na je da kaina na nemi abokina ya kai ni Birnin Gwari in hau mota. Muna tafiya a kan burji yana kauce wa ramuka, na ba shi haƙuri, na gaya masa abin da na zata. Ya rage gudu muka haye wani rafi.

"Ai na buɗe," ya ce. "Ran da ka shiga sallah a Randagi. Na ga kalmar."

"Me ya sa ba ka yi mini magana ba?"

"Dubawa na yi ko ina cikin jerin. Da na ga ba na ciki, na rufe na mayar. Ban gaya wa kowa ba, amma na yi kwana biyu ina tunanin ko in daina ɗaukarka."

Na rubuta aikina da abin da ya rage. Malamar ta yaba da babin da na yi a kan ja-gorar fatake, amma ta rubuta a gefen shafi cewa hujjata a kan hanyoyin ba ta da ƙarfi, ina taswira, ina wuraren. Na tsaya a ofishinta na ba ta labarin zauren mai unguwa daga farko har ƙarshe. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu, ta ce ba ta san abin da kalmar ke nufi a wajenmu ba. Makin dai bai canza ba, matsakaici na samu.

Tsohon maharbin ya yi damina biyu bayan haka kafin ya rasu. Duk hutun da na je gida nakan je in gaishe shi. Yakan amsa da kyau, ya tambaye ni karatu, ya sa mini albarka. Sau ɗaya na gwada kawo zancen kakansa, ba littafi ba biro a hannuna. Ya ce tsufa ya cinye masa labarin, ya tambaye ni ko an yi ruwa a wajenmu.